Cigiyar da Najmuddeen Ya Bari

Azare,
9 ga Yuni, 2008

Zuwa ga ƙawata Fatimatuzzahra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Dijatu da surukinki Baffa Alhaji da duk mutanen gida. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Najmuddeen, ya sa ya huta. Mama na gaishe ki, ta ce garin alabon da ta aiko ba na ado ba ne, ki tuƙa ki ci.

Na kira wayarki har na gaji. Na san sabis a Katagum sai an fita bakin titi, ke kuma mai takaba ba fita kike ba. Shi ya sa na koma zamanin da, na ba Umara direba wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun muna firamare bai gyaru ba.

Magana ce a kan shafin intanet na Zumuntar Katagum, wanda mijinki ya gina ya bar mini gadinsa tun yana raye. Na san ba ruwanki da kwamfuta, to bari in yi miki gwari-gwari. Shafin ba abu ɗaya ba ne. Akwai uwar manhajar, akwai kuma ƙanana da ake jona mata, mu muna ce musu fulogin. Wani na nuna hotuna, wani na kawo lokutan salla, haka dai. Kowanne da mai shi, wani a Turai, wani a Indiya, ba mu taɓa ganinsu ba. In mai shi na kula da abinsa, da ɓaraka ta fito zai toshe ya fitar da sabo, mu sauke. In kuwa ya yi watsi da shi, ɓarakar na nan a buɗe, su kuma masu kutse ba su da aikin da ya wuce neman ƙofar da aka manta ba a rufe ba.

Duk Litinin kafin kafe, shagonmu na intanet, ya cika nakan bi su ɗaya bayan ɗaya, in ga wanne aka sabunta, wanne mai shi ya yi shiru. Najmuddeen ne ya koya mini. Yakan ce duk wanda aka daɗe ba a ji motsin mai shi ba, a cire shi ko da yana aiki lafiya lau. A bana na cire biyu, ko a jikina.

Yau na zo kan wanda ba zan iya taɓawa ba sai da izininki. Cigiya, wanda ya rubuta da hannunsa, inda mutane ke sa hoto da sunan ɗan'uwansu da ya ɓace. Akwai dandalin da masana ke fallasa irin waɗannan ɓaraka, to sun sa shi a ciki. Sun ce ta ƙofar da ake sa hoton, ɓarawo zai iya cusa abin da ba hoto ba, ya mallaki shafin gaba ɗaya. Sun ce tun watan jiya suka rubuta wa mai shi bai amsa ba. Zahra, da na karanta "bai amsa ba" sai da na tashi na shige bayan shago, kada yaran da ke duba sakamakon jarrabawa su ga ina kuka.

Ni mai gadi ce, ba magina ba. Sauke sabo na iya, toshe ɓaraka ban iya ba. Na nuna wa yayana Gbenga, ya ce shi ƙarfen kwamfuta ya sani, ba ya taɓa cikinta. Saboda haka ina so in kashe Cigiya. Sunayen da ke ciki ba za su ɓata ba, zan kwafe su a faifai. Ki faɗa wa Baffa Alhaji, ku ba ni amsa da wuri.

Ki shafa mini kan Dijatu.

Taki,
Risikat

*

Katagum,
13 ga Yuni, 2008

Zuwa ga 'yar'uwata Risikat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya. Muna nan ƙalau, damina ta sauka, kogi ya fara ɗaukar ruwa. Ki gaida Mama, ki ce na tuƙa na ci, Allah ya saka da alheri.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Ban manta ba ke kika rufe kafe kika zo nan kika zauna har sadakar bakwai, kina wanke-wanke da 'yan gida, har wata baƙuwa ta tambaya ko ke ƙanwar marigayi ce. Yanzu kuma ga shi kina gadin abin da ya bari ba wanda ya sa ki. Allah ya bar zumunci.

Amma maganar kashe Cigiya, don Allah kada ki yi.

Kin san abin da aka karantar da mu. In ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke, sai sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Abban Dijatu bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da yake samu a koyarwa, rabi a intanet ɗin nan yake ƙarewa, kin sha jin ƙorafina. Cigiyar nan ita ce abin da ya bari.

Ranar sadakar arba'in wani dattijo ya zo daga Itas, ba mu san shi ba. Ya ce ƙanwarsa ta bi miji Makka tun suna matasa, labari ya yanke, har an fitar da rai. Ɗansa ya sa hotonta a Cigiya, wani ɗan Azare da ke Jidda ya gane ta. Ya ce a bara ya ji muryarta a waya. Dattijon nan ya riƙe hannun Alhaji yana kuka. Bayan ya tafi Alhaji ya ce, "Ashe yaron nan ya haƙa rijiyarsa." Tun rasuwar ban ga fuskarsa ta saki ba sai ranar.

Na karanta masa takardarki. Ya ce a gaya wa 'yar nan an gode, amma ba a kashe wa mamaci ladansa. Ni ma ra'ayina ke nan. Kullum in na idar da salla nakan tuna cewa wataƙila yanzu wani na can yana duba Cigiya, ana rubuta masa lada. Da wannan nake samun barci. In kika kashe, ji zan yi an sake yi mini rasuwar.

Kuma ni ban gane ba, me ɓarawo zai sata a wurin masu neman 'yan'uwansu? Talakawa ne. Ki bar shi, Allah ne mai tsarewa.

Ga bandar kifi nan a kwali, na Mama ne da ke. Ki gaida Yaya Gbenga.

'Yar'uwarki,
Fatimatuzzahra

*

Azare,
24 ga Yuni, 2008

Zahra,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Baffa Alhaji. Kifi ya iso, mun gode. Da kin rubuta sunan Gbenga a kwalin ma da ya fi, don shi ya ci rabi.

Na ji maganarki, ban kashe ba. Amma na yi miki wayo, kuma ba zan ɓoye ba. A shafinmu na rufe ƙofar sa hoto, mai son a sa masa hoto ya kawo kafe in sa da hannuna. Na kuma kwafe komai a faifai. Namu dai ya ɗan samu sauƙi.

Kin tambaya me ɓarawo zai sata. Ba sata yake zuwa yi ba, wuri yake nema. Ya share abin da ya tarar, ya kafa tallarsa ta caca ko ta maganin ƙarya. Bai san Katagum ba, bai san Cigiya ba, na'ura ce yake saki tana bin shafuka tana gwada ƙofofi.

Yanzu ki zauna, don abin da zan faɗa ba daɗi. Ni ma ban sani ba sai makon nan. Najmuddeen bai tsaya a shafinmu ba. Ya ajiye Cigiya a babban dandalin da ake ɗaukar fulogin kyauta, ya ce duk mai so ya ɗauka. Tun bara ya sa sunana a matsayin mataimakiya, ni kuwa ban taɓa leƙawa ba. Da na shiga sai na ga mutane sun ɗauka ba kaɗan ba. Akwai na Nijar, akwai na Gana, akwai na Sudan, akwai ƙasashen da sai na duba taswira. Duk suna aiki da shi, duk ɓarakar na jikinsu.

A ƙasa akwai wurin da ake rubuta ƙorafi, ya cika. Wannan ya ce malam ka taimaka ka gyara. Wancan ya ce ina ka shiga. Wani ya ce ai haka suke, in sun yi suna sai su watsar da mutane. Zahra, ba su san ya rasu ba. Wa zai gaya musu? Mu mun yi jana'iza, mun yi uku, mun yi bakwai, mun yi arba'in, su suna can suna zaton yana zaune yana shan shayi yana ƙin amsa su.

Akwai wani mai suna Talha a Sudan. Jikan Hausawan nan ne da suka tafi hajji a ƙasa suka yada zango a hanya. Shekara biyu yana bin tsofaffin unguwarsu gida-gida, suna faɗa masa garuruwan da iyayensu suka baro da sunayen dangin da aka bari, yana zubawa a Cigiya ko Allah zai sa wani a nan ya gani. Makon jiya aka shiga ta ɓarakar aka share shafinsa tas. Ba shi da kwafi. Wasu daga cikin tsofaffin sun riga sun rasu. Ga abin da ya rubuta, da Hausarsa irin ta kakanni, ban canza komai ba:

"Kai mai wannan abu, mun yi ta kiranka ka yi mana kunnen ƙashi. Da ka gaji sai ka faɗa, mu nemi wata hanya. Ka sa na ci amanar tsofaffi. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da kai."

Na yi kwana biyu ina shawarar ko in ɓoye miki. Amma kin san ni, ban iya lanƙwasa magana ba. Rijiyar da Baffa ya faɗa tana nan, gaskiya ne, sai dai ba ta da murfi, kuma wani ya riga ya faɗa ciki. Kada ki ɗora wa kanki laifi, ko da kin yarda tun farko, namu kawai zan kashe, ban san da su ba. Amma yanzu mun sani.

Abin da nake roƙo: in janye shi daga dandalin kada wani ya sake ɗauka, in gaya wa masu shi su kashe, in kuma faɗa musu dalilin shirun. Wannan na ƙarshe ba hurumina ba ne, naku ne. In kun ce a'a, wallahi ban san yadda zan yi ba, don ba zan iya kallon na biyu ya faɗa ba.

Ki yafe mini in na ɓata miki.

Risikat

*

Katagum,
28 ga Yuni, 2008

Daga Alhaji Bappayo zuwa ga 'yata Risikatu.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da yayanki. Ni nake faɗa, surukata ke rubutawa.

An karanta mini takardarki sau biyu. Ba ki ɓata wa kowa ba. Wanda ya gaya maka gaskiya ranar da ba ka son ji, shi ne naka. Allah ya yi miki albarka.

Ranar jana'iza, kafin a sallace shi, na miƙe a gaban jama'a na ce duk mai bin yaron nan wani haƙƙi ya zo wurina, wanda kuma ya ɓata wa ya yafe masa don Allah. Jama'a suka ce sun yafe. Na dawo gida ina cewa na sauke wannan nauyin. Ashe akwai waɗanda ya kamata su ji, ba su wurin, ba su ma san an yi ba. Ni makiyayi ne, in mutum ya mutu na san inda zan aika, Sakwa, Hardawa, Itas. Ban san yaron nan yana da mutane a inda ƙafa ba ta zuwa ba.

Na so ladansa ya ci gaba. Amma ba zan nema masa lada da abin da ke cutar da bayin Allah ba, kuma ba zan iya kwana da Allah ya isa a kan kabarinsa ba. Ki kashe namu. Ki janye wancan. Sannan ki sa wannan magana a inda duk za su gani, da Turanci da Larabci da Hausa, kada ki rage kada ki ƙara:

"Ni Bappayo na garin Katagum a Nijeriya, mahaifin Najmuddeen mai Cigiya, ina sanar da ku cewa Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota cikin watan Afrilu. Ba wulaƙanci ya hana shi amsa ku ba. Abin da ya ba ku akwai cuta a jikinsa, mu kuma ba mu iya gyarawa ba, saboda haka ku kashe shi yau. Wanda ya riga ya cutu ya faɗa mini, ni ne a madadinsa. Ina roƙonku ku yafe masa don Allah."

Mutumin Sudan kuma ki aika masa tasa daban, ki ce tsoho ne ke roƙo.

Wassalam.

Risikat, ni ce Zahra, na ƙara wannan bayan ya fita. Kin san ɗan fari a wurin Fulani. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin sunan a bakin Alhaji ba, Inna mahaifiyarsa ma ta ce ita ba ta taɓa ji ba tun ranar suna. Da muka zo wurin sai na tsaya, ina jira ya ce yaron nan. Ya ce, "Rubuta Najmuddeen. Su ba su san yaron nan ba." Inda tawada ta baje, hawayena ne, ki yi haƙuri. Na yarda da duk abin da ya ce. Ki yi da sauri.

*

Azare,
8 ga Yuli, 2008

Zahra,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baffa Alhaji da girmamawa, ki ce saƙonsa ya isa inda ya aike shi.

Ranar da takardar ta zo na yi komai. Turancin ni na yi, Larabcin na kai wa Malama Mariyamu ta Islamiyyar unguwarmu, ta fassara, ta ƙi karɓar ko sisi. Nefa suka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, Gbenga ya tayar da janareta bai ko yi mitar mai ba, abin da ban taɓa gani ba.

Namu ma na kashe. Ba zan ce miki da sauƙi na danna ba. Amma ban bar wurin fayau ba. Na jera sunayen masu cigiyar a shafi na rubutu zalla, wanda ba ƙofar da za a shigo ta cikinsa, na sa lambar kafe. Ba ya yin abin da na Najmuddeen ke yi, mutumin Jidda ba zai iya sa nasa da kansa ba. Maneji ne.

Sai amsoshi suka fara zuwa. Na buga miki su duka, su ne a babbar ambulan, na rubuta fassarar a bayan kowace. Wata mata a Yamai ta ce ta kashe nata, da ta duba sai ta tarar har an fara cusa mata wani abu, da an ƙara kwana biyu da ta rasa komai. Mutumin da ya ce in sun yi suna sai su watsar da mutane, ɗan Kumasi ne, ya rubuta shafi guda yana ba da haƙuri, ya ce za su yi masa addu'a a masallacinsu ranar Juma'a. Wani Bature ya ce shi ba ya salla, amma yana so uban ya sani ɗansa ya amsa masa tambayoyi har sau uku a bara, bai nemi komai ba. Kusan kowa ya ce ya yafe, wasu suka ce ba abin da za a yafe.

Na san abin da za ki tambaya. Talha bai amsa ba. Na aika masa tasa daban kamar yadda Baffa ya ce. Nakan duba safe da yamma.

Taki,
Risikat

*

Katagum,
20 ga Yuli, 2008

'Yar'uwata Risikat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Hanya ta lalace da ruwa, Umara ya yi kwanaki bai zo ba, shi ya sa amsar ta makara.

Da kin ga abin da Alhaji ya yi da takardun nan. Ya ce waɗannan ta'aziyya suka zo yi, kuma ba a karɓar ta'aziyya a tsaye. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ya aika aka kira liman da maƙwabta. Ina daga bayan ƙofa ina ji. Liman na karanta ɗaya bayan ɗaya, kowacce aka gama Alhaji ya ce, "Allah ya ba da lada," kamar mutumin na zaune a gabansa. Da aka zo kan ta Baturen, wani ya ce wannan fa? Alhaji ya ce, "Ya taka ya zo, a amsa masa." Wasu a gari na cewa Alhaji Bappayo ya yi zaman makoki na biyu. Bai kula su ba.

Ya ce in roƙe ki ki amsa wa kowa da sunansa, kada ki haɗa su a amsa ɗaya. Na san aiki ne. Duk abin nan ke kika ɗauke mana shi. Da kin bi son raina tun farko kin yi shiru, da yanzu ina nan ina murnar lada, matar Yamai na can tana kuka da sunansa. Na gode da ba ki ji tsoron ɓacin raina ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, gidan bai koma daidai ba. Da aka gama karatun Alhaji ya ce, "Na Sudan fa?" Liman ya juya takardun ya ce babu. Tun ranar in ya ji ƙarar mota a bakin titi sai ya aika a duba ko Umara ne. Shekaranjiya na ji yana tambayar nawa ne kuɗin zuwa Sudan, yana maganar sayar da saniya. Mutumin da ko Azare ba ya iya zuwa sai an tsaya da shi a hanya.

Ni kuwa kalmar nan ta Allah ya isa ta ƙi fita daga kunnena. Na san Abban Dijatu bai yi da gangan ba, liman ma ya ce ba a kama mamaci da abin da bai sani ba. Na yarda. Amma mutumin an cuce shi da gaske, kuma da gaske ya faɗa.

Ki sake aika masa sau ɗaya, daga nan ki bari. Yafiya ba a ƙwatarta.

'Yar'uwarki,
Fatimatuzzahra

*

Azare,
5 ga Agusta, 2008

Zahra,

Assalamu alaikum! Kafin komai, ki ce da Baffa ya bar saniyarsa ta yi kiwo. Talha ya amsa. Na kwafe miki da hannuna don firinta ta ƙi, kuma ba zan jira ta ba:

"Zuwa ga babanmu Alhaji Bappayo. Takardarka ta same ni tun ranar farko. Kunya ta hana ni amsawa, na ja wa mutum Allah ya isa yana cikin kabari. Kuma haƙƙin ba nawa ne ni kaɗai ba, ba zan yafe abin da ba nawa ba. Sai na ɗauki takardarka na koma gidajen da na bi a da, ina karanta musu. Masu rai sun yafe, sun sake faɗa mini abin da suka faɗa, wannan karon na ajiye kwafi, abin da ya kamata in yi tun farko. Waɗanda suka rasu na je wurin 'ya'yansu, sun yafe. Abin da tsofaffin suka tafi da shi ya tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Wata tsohuwa ta ce in gaya maka ka yi haƙuri, su ma sun binne nasu a hanya. Jiya na gama gida na ƙarshe. Na janye maganata, na yafe duniya da lahira. Ni kuma wa zai yafe mini a madadinsa?"

Bai tsaya nan ba. Shi da wani abokinsa da ya karanci abin sun gano ɓarakar sun toshe. Ban yarda da baki ba, na tura gyaran ga masanan da suka fallasa ta tun farko, sun gwada sun ce ta toshu. Yanzu yana neman izini ya karɓi riƙon Cigiya, ya ci gaba da kula da shi, da sunansa na asali da sunan mai shi a sama. In kun yarda, zan miƙa masa mabuɗin dandalin, in mayar da namu.

Umara na ta danna mini hon a waje. Ku ba ni amsa.

Risikat

*

Katagum,
7 ga Agusta, 2008

Risikat,

Wa alaikumus salam. Alhaji ya ce a gaya wa Talha an yafe, kuma daga yau yana da gida a Katagum.

Ki ba shi mabuɗin. Sharaɗina ɗaya: ya sa mutum na biyu a bayansa, wanda zai faɗa wa jama'a in shi ma ya yi shiru. Ke ma ki riƙa duba shi duk Litinin tare da sauran, ɗan Adam ne.

Wata huɗu ke nan mutane na ce mini Allah ya sa ya huta, ina cewa amin da baki. Yau na faɗa har cikin zuciyata.

Allah ya saka miki, 'yar'uwata.

Zahra